Kaset ɗin Ajin Malam

Ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Kebbi ba, wani abokina ɗan Aliero da ke digiri na biyu a jami'a ya same ni a gidan rediyon da nake aiki. Bincike yake yi kan yadda ake koyar da lissafi a firamare, yana neman rikoda da wanda ya iya riƙe ta. Ya kuma roƙi in kai shi wurin malamin da ya koyar da ni a Maiyama, wai ya ji labarin ƙwarewarsa. Na ji daɗi, na kai shi.

Malam ba ya fara koyar da lissafin rabawa a allo. Karan dawa yake kakkaryawa ya zube gaban yara, ya ce su raba wa mutum huɗu ba tare da faɗa ba. A haka muka tarar da shi. Abokina ya kalla jim kaɗan, ya ce in kashe rikoda tukuna.

"Allah gafarta Malam," in ji shi, "da za ka gwada muna yadda anka koya muku a zamaninku. Don tarihi."

Malam ya dube ni yana dariya. "Wanga abokin naka shina son tsohon yayi. To, ba a hana baƙo."

Ya ture karan gefe, ya tada yara suka rera jadawalin sau, biyu sau biyu huɗu, yana dukan tebur yana daka tsawa irin ta malaman da. Yara sai ƙyalƙyata suke yi. Wannan aka ce in ɗauka.

Bayan damina aka tara malamai da jami'an ilimi a Jega don jin sakamakon binciken. Malam ya zo cikin sabuwar babbar riga, ya zauna a sahun gaba. Abokina ya kunna kaset. Aikina ne, na san sautin da aka yanka in na ji shi. An cire dariyar yaran gaba ɗaya, saura tsawa da dukan tebur kawai. Abokina ya ce ga halin da lissafi ke ciki yau a makarantunmu, ya ambaci makarantar. Sufeton makarantu ya juyo ya dubi Malam.

Na tare abokina a ƙofa na ce, "Kai, ka san ba haka anka yi ba."

"Haba ɗan'uwa, bincike na son misali. Ai ban faɗi sunanshi ba."

Malamin lissafi ɗaya ne a makarantar. Kafin zango ya ƙare aka karɓe masa aji shida, aka mai da shi aji biyu.

Malam bai taɓa yi mini zancen ba. Da na koma gaishe shi, hannu rabbana, babu rikoda, na tarar da shi durƙushe cikin yara da karansa. Ya amsa sallama da fara'a, ya tattara karan ya zuba a aljihu, ya tsaya yana jira in fita.