Saura Wata Bakwai a Lasisin

Gwaggona, yayar babana, shekara ashirin da tara ta yi tana aiki a ɗakin likitan haƙori, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa yarda an kira ta likita ba. In ka kuskura ka ce mata "Sannu Likita", sai ta dube ka ta saman tabarau ta ce, "Likita yana ciki. Ni mai miƙa kaya ce." Ni kuwa maganar nan haushi take ba ni, don na san abin da na sani.

Asibitin ba wani babba ba ne. Ɗaki biyu ne a saman bene, a ƙasa kuma mai sayar da fenti. Ɗakin farko benci biyu da fanka mai kuka, na biyu kujerar nan mai kwantawa, da fitila mai dogon wuya, da tukunyar ƙarfe da ake dafa kayan aiki. Shara ce ta kai Gwaggo wurin, bayan mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu. Daga shara ta koma wanke filaya da madubin baki, daga nan kwaɓa ciko, har ta kai Likita ya daina cewa a ba shi kaza. Hannu kawai yake miƙawa, abin da yake so ya sauka a ciki. Karatunta bai wuce firamare ba.

Dokar kuwa ba a ɓoye take ba, an ma manna ta a bango kusa da lasisin Likita. Ba mai cire haƙori, ko ya yi ciko, ko ya yi allura a dasashi, ko ya rubuta "likitan haƙori" a allonsa, sai wanda ya yi karatun, hukuma ta yi masa rajista, yana kuma sabunta lasisi duk shekara. Wanda ya saɓa, kotu ce. Mataimakiya irin Gwaggo, aikinta a leɓe ya tsaya.

To amma Likita ya tsufa. Shekara biyu kafin rasuwarsa hannunsa na dama ya fara rawa. Da fari ya ce shayi ne ya yi masa yawa. Rannan ya ɗauki allura ya ga bakinta yana lilo, sai ya ajiye, ya ce wa Gwaggo ta sa safar hannu. Tun daga ranar shi ke duba baki, shi ke yin tambayoyi, ya tsaya a kan mara lafiya ya ce wancan ne, ita kuma ta cire. Su biyun sun san saɓa doka ne. Masu zuwa kuwa ko a jikinsu, har cewa suke hannunta ya fi sauƙi. Ni kaina ta cire mini haƙorin turmi ɗaya, wallahi ina jiran a fara ta ce in tofar.

Da Likita ya rasu, an share makoki ke nan babban ɗansa ya zo gidanmu, don a nan Gwaggo take zaune. Kayan mota yake sayarwa, bai san haƙori ba sai nasa na baki. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi ta zagaye-zagaye, sannan ya fito da abin da ya kawo shi.

"Mama, lasisin Baba saura wata bakwai ya ƙare. Yana nan a bango. Hukuma ba ta san ya rasu ba, ni kuma ba zan je in gaya musu ba. Ki buɗe ki ci gaba. Kafin wata bakwai ɗin mu samo wani sabon likita ya ara mana sunansa."

Gwaggo ta ce, "Wa zai tsaya a kan mara lafiya?"

"Ke mana. Dama ba ke kike yi ba?"

Ta shiga ɗaki ta ɗauko makullan asibitin ta ajiye a gabansa. "Ɗana, takardar nan ba taka ba ce, ba tawa ba ce. Mai ita ya tafi."

Yana fita na hau ta da faɗa, Allah ya yafe mini. Na ce, "Haba Gwaggo! Wannan fa shi kaɗai ne aikin da kika iya. Jiya-jiya kike yi, yau kuma ya zama laifi?" Ta ce in je in duba tukunyata kada ta ƙone. Iyakar amsar da na samu ke nan.

Ta nemi aiki, ba wai ba ta nema ba. Asibitin haƙori huɗu ta taka. Ko'ina sai a ce ta kawo takardar shaidar mataimakiya, ashe yanzu miƙa kayan ma sai da takarda. Wata yarinya a wurin karɓar baƙi har tambayarta ta yi ko 'yarta take nema wa. Gwaggo ta dawo gida da shekara hamsin da shida a kai, ta koma rainon jikoki. Cokulanmu ne suka ji jiki, don sai ta dafa su kamar za a yi tiyata da su.

Ana haka sai haƙori ya kama Baba. Kwana uku kumatunsa a kumbure, ba ci ba magana, sai nishi. Babana ba ya tsoron komai a duniya in ban da asibiti. Kuma duk gidan mun san ɗakin Likita yana nan a rufe, kujera tana nan, makulli kiran waya ɗaya ne.

Rana ta huɗu da hantsi ya sami Gwaggo a tsakar gida, hannunsa dafe da muƙamuƙi. "Yaya, don girman Allah ki cire mini abin nan. Ba wanda zai ji."

"Auta, sa takalminka mu tafi asibiti."

Ransa ya ɓaci. "Shekara biyu kina cire wa bare. Sai da aka zo kaina, ƙaninki uwa ɗaya uba ɗaya, sannan kika tuna da doka?"

Ni ma na ce gaskiya ne. Gwaggo ta dube mu duka biyu, ta ajiye jikar da ke hannunta.

"Bari in gaya muku wani abu. Akwai wani direba da ya zo mana. Haƙorin har girgiza yake, aikin minti ɗaya. Na riga na ɗauki filaya. Sai Likita ya kama hannun mutumin ya juya, ya ga wasu baƙaƙen tabbai a damtsensa. Ya tambaye shi wane magani yake sha. Ashe na tsinka jini ne, saboda zuciya. Likita ya ce in ajiye. Da na cire haka nan, jinin yana iya ƙin tsayawa, a kan kujerar nan, a hannuna. Mutumin nan yana gabana, ni ban ga komai ba sai haƙori." Ta juya kan Baba. "Kai ƙwaya uku kake sha kowace safiya. Ban san sunan ko ɗaya ba. Cirewa na iya, Auta. Wanda za a cire wa da wanda za a ƙyale, shi ya sani, kuma bai bar mini wannan ba."

Kunya ta kama ni sosai. Baba ya je ya sa takalmi.

A asibiti wani likita ne matashi ya karɓe shi. Ya karanta kwalayen magungunan ɗaya bayan ɗaya, ya auna jininsa, ya ba shi maganin kumburi ya ce ya dawo bayan kwana biyar. Ranar cirewar na ce wa Gwaggo ta shiga, tunda sun yarda mutum ɗaya ya raka shi. Ta ƙi. Muka zauna a benci, ita tana kallon agogon bango. Minti arba'in Baba ya yi a ciki.

Da ya fito da auduga a baki sai ta miƙe. "Buɗe in gani."

Ya buɗe. Ta leƙa ta dama, ta leƙa ta hagu, hannuwanta duka biyu a baya.

"Ya fitar da saiwar duka, ya kyauta," in ji ta. "Amma ya yaga maka dasashi. Da ni ce, minti biyar, kuma ba ɗinki."

Ban taɓa ganin hawayen Gwaggo ba sai ranar, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta ce wa Baba ya cije audugar da kyau, kada ya kurkure baki sai gobe.