Dunoma Mai Kukuma da Faifansa Mai Fuska Biyu

Na san Dunoma Mai Kukuma tun shekarar 1931, ba da daɗewa da isowar jirgin ƙasa Nguru ba, lokacin ina ƙaramin akawu a kantin da nake aiki har yau. Yanzu na ji samari sun fara kiransa gwani saboda faifansa da masu shayi suke ta sakawa a bakin tasha. Ya kamata wanda ya san mutumin ya faɗi yadda yake.

Mutumin Karasuwa ne, ubansa manomin gero. Babu makaɗi ko ɗaya a zuriyarsu. Ƙyuyar noma ce ta kawo shi Nguru. Ya raɓi wani mai goge na 'yan watanni, aka kore shi, sai ya samo ƙoƙo da fatar guza da izgar doki ya haɗa kukuma, ya ce shi ma ya zama makaɗi. Karin kiɗansa guda ɗaya ne tak, shi yake ja wa ango, shi yake ja wa mahauci. Muryarsa ta hanci ce, irin ƙarar ƙyauren siton da aka manta a sa wa mai. Ba ya cikin makaɗan fada, ba shi da 'yan amshi. Yakan ce ya fi son ya zauna da kansa. Gaskiyar ita ce ɗan amshi yana da kunne, yana kuma da baki, shi kuwa Dunoma irin sana'arsa ba ta son shaida.

Abu ɗaya zan ba shi: yana da ido. Ba ya jan izga sai ya gama duba taro, ya san wanda ke nan da wanda ba ya nan. Da wannan idon ya ci abinci wajen 'yan dakon gyaɗa a tasha, da shi ya ci wajen sojojin da suka dawo daga yaƙi. Da shi kuma ya samu iyayen gida biyu.

Na farko Alhaji Laminu, mai sayen gyaɗa a Nguru, wanda motocinsa ke bin hanyar Gashua. Na biyu Baba Gaji, babban dillalin bandar kifi a Gashua. Waɗannan biyu ba sa ga maciji tun daminar 1947, da motar Alhaji ta kafe a taɓo da kwandunan Baba Gaji, ruwa ya ɓata kifin, kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Da wani makaɗin ne, da ya zaɓi ɗaya. Dunoma ya riƙe duka biyun. Yana da ɗaki a gidan Alhaji, yana hawa motarsa kyauta. In ya sauka Gashua kuwa, akushinsa na jiransa a zauren Baba Gaji, ga riga duk sallah.

Al'adar makaɗan irinsa ita ce yabo bai cika ba sai an haɗa da zambo ga abokin gabar ubangida. Ba a kama suna, ana dai siffantawa yadda ko makaho zai gane. A Nguru ga abin da yake cewa:

Laminu mai mota, hanya taka ce,
Wani na bakin kogi, ƙuda ne dogarinsa,
Ya shiga sahu, liman ya gajarta sura.

A Gashua kuma, da karin nan dai guda:

Gaji mai banda, kogi ya san ka,
Wani ya tafi Makka ya tsaya Fallomi,
Haƙorin zinare, maƙerin Kano ya sa.

Wannan na biyun ba wasa ba ne. Cewa yake Alhaji Laminu bai taka ƙasa mai tsarki ba, ya yi zamansa a Fallomi ta ƙasar Chadi, a kan hanya, ya dawo da suna. Ni na san ya je, domin na ga takardunsa. Dunoma ma ya sani.

Direbobi suna ji, wani lokaci maganar takan kai kunnen Alhaji. Sai Dunoma ya dafa ƙirji. "Ni? Ranka ya daɗe, a kawo wanda ya ji, ya maimaita a gabanka." Babu direban da zai tsaya gaban ubangidansa ya rera masa wannan baiti da bakinsa, domin in ya rera, shi ya yi zagin. Sai magana ta mutu. Haka ya yi ta yi a garuruwan nan biyu, yana ɗaukar tsoron mutane a matsayin wayonsa.

A 1954 wani kamfanin faifai daga Ikko ya aiko Bature ta jirgin ƙasa da na'urar ɗaukar murya. Suka kafa a sitonmu, domin buhunan gyaɗa suna tare ƙarar waje. Manajanmu ya sa ni tafinta. Makaɗa suka zo daga ko'ina, har da masu algaita da masu gangar Bade da suka fi Dunoma nesa ba kusa ba. Amma Baturen ya ga mutane na dariya tun kafin Dunoma ya buɗe baki, sai ya ce a rubuta shi. Waƙa biyu ake so wajen kowa, ɗaya a kowace fuska.

Labari ya riga ya kai wa iyayen gidansa. Alhaji ya ce masa, "To, sai mu ji kanmu a garmaho." Baba Gaji ya aiko masa da irin wannan saƙon daga Gashua. Saboda haka da na tambaye shi waɗanne waƙoƙi zai yi, ko tunani bai yi ba.

"Ta Alhaji da ta Baba Gaji mana. Fuska ɗaya ta Nguru, ɗaya ta Gashua."

Na ce, "Dunoma, faifai ɗaya ne. Wanda ya sayi gaba ya sayi baya."

"Na sani, Malam Akawu. Ai ba yau na ga garmaho ba."

"To ka cire zambon."

Ya dube ni kamar na ce ya cire wandonsa. "Yabo ba zambo? Sai Alhaji ya ce na fara jin tsoron mai kifi. Kai dai biro ka sani. Wane marar kunya ne zai juya faifai a gaban Alhaji? Mai saka waƙa ai yana duba taro tukuna."

Nan ne iyakar hankalinsa. Ya ɗauka kowa zai riƙe faifan yadda shi yake riƙe izga, yana waiwaye. Na sake faɗa masa a gaban manaja, ya yi dariya ya ce in gaya wa Bature a shirye yake.

Lokacin da faifai ke ɗauka gajere ne, shi kuwa ya saba jan waƙa har a gaji. Gwajin farko bai gama gaishe-gaishe ba aka ɗaga masa hannu. Aka ce ya rage. Ya yar da buɗewar da ake yi da sunan Allah, ya yar da sunayen kakannin iyayen gidansa, ya rage shi kansa yabon. Zambon bai taɓa ko kalma ba. Kirarinsa na ƙarshe ma ya bar shi a ciki, don kada wani makaɗi ya ce muryarsa ce.

Bayan damina faya-fayan suka iso daga Ingila cikin akwatunan katako. Alhaji Laminu ya aiko aka saya masa sabon garmaho da faifai, ya ce in zo in nuna yadda ake ɗaura allura. Bayan la'asar ya tara mutane a zaurensa: dillalai, direbobi, limamin unguwa. Dunoma na zaune kusa da ƙafarsa cikin sabuwar hula, yana ta kumbura.

Na murɗa hannun garmahon, na ɗora allura. Da aka zo kan liman ya gajarta sura, zaure ya ɗauka, har limamin ya rufe baki da rawani. Alhaji ya ce a maimaita. Aka maimaita, aka sake. Sannan ya miƙo hannu ya ɗauki faifan, ya juya shi yana dubawa.

"Malam Akawu, nan ma akwai zane. Me ke bayan?"

Kafin in amsa Dunoma ya yi wuf. "Ba komai, ranka ya daɗe. Gwaji ne, ina gyara murya."

"To mu ji gyaran muryar."

"Allah ya ja zamaninka, wannan fuskar tana cin allura."

"Akwai allura gwangwani guda."

"Ai ta garmahon Gashua ce, Alhaji. Ba ta hawa na Nguru."

Wani direba ya tuntsire da dariya, ya haɗiye. Alhaji ya dubi Dunoma, ya dubi faifan. Ya ce, "Ni ban taɓa sayen buhu in bar rabinsa a kanti ba." Da hannunsa ya ɗora.

Abin da Dunoma bai taɓa lissafawa ba ke nan. Ya yi ta tunanin bara da direba da maƙwabci, duk masu jin nauyin Alhaji. Bai tuna cewa mai kayan shi ma yana da hannu ba.

Kukuma ta fara, karin nan dai da aka gama yi wa dariya. Gaji mai banda, kogi ya san ka. Mutane suka fara kallon tabarma. Da aka zo Fallomi, Alhaji ya rufe bakinsa a kan haƙorin.

Dunoma ya dafa ƙirji, don abin ya riga ya zame masa jiki. "Wallahi ba ni ba ne. Turawa ne suka..."

Bai ƙarasa ba akwatin ya amsa masa da muryarsa ta hanci: Ni ne Dunoma na Karasuwa, kukuma tawa, baki nawa.

Alhaji ya bari allura ta kai ƙarshe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa babban direbansa, "Hammadu, a fitar masa da tabarmarsa. Motata kuma, ko a kan buhu, kada in ji an ɗauke shi." Sannan ya juya ga liman ya tambaye shi lafiyar iyali.

Sauran masu motar Nguru babu mai son ɓata da Alhaji saboda mai kukuma. Da ƙafa Dunoma ya tafi Gashua, yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi cewa dama can ya fi son mutanen kogi. Abin da ya faru a can, wani dillalin kifi da ke wurin ne ya ba ni labari, na kuma tambayi wani dabam, bakinsu ya zo ɗaya.

Da Dunoma ya isa, ya tarar da Baba Gaji a rumfarsa ta bakin kogi, garmaho a gefe, ana tsakiyar baitin Fallomi, masunta na ta shewa. Dunoma ya ga haka ya ɗauka ya tsira. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya fara kwance kukuma.

Baba Gaji ya ce, "Mayar da ita jaka." Ya ɗaga faifan ya nuna masa ɗaya fuskar. An bi ta da ƙusa an kakkarce. "Na ji ta sau ɗaya, ni da ƙudajena. Wannan kuwa kullum sai na sa."

"Baba, ai ka san sana'a ce. Ga ni na dawo gaba ɗaya, ni naka ne."

"Me zan yi da kai? Ina da kai a akwati. Wannan ba ya cin tuwo, ba ya son riga, kuma in na rufe shi ba ya tafiya Nguru."

Ko ruwa ba a ba shi ba.

Faifan ya yi kasuwa fiye da duk waɗanda aka ɗauka a sitonmu, har muka sake yin oda. Mutane ba don kiɗan suke saye ba, don su juya ne. Ba a ƙara gayyatar Dunoma biki a Nguru ko Gashua ba, domin duk mai abin hannu ya gane cewa wanda ya yabe shi yau yana da wata waƙar a gari na gaba.

Yanzu a Jajimaji yake, yana bin rumfunan Fulani masu sayar da shanu ranar kasuwa, waɗanda ba su san Alhaji ba, ba su damu da Baba Gaji ba. Bara na bi ta can kan aikin kanti, ya hango ni ya taso da sauri. Na zaci zai yi maganar abin da ya wuce. Tambayata ya yi yaushe Baturen zai dawo. Ya ce ya yi nazari sosai, ya gano inda kuskuren yake: wannan karon zai sa a buga masa faifai biyu, kowanne da fuska ɗaya.