Jakada Mai Jiran Amsa

A duk ma'aikatar harkokin waje babu wanda ya fahimci shirun gwamnatoci kamar Dakta. Littafi guda ya rubuta a kai, shafi ɗari huɗu, kuma mutum shida sun karanta, har da wadda ta buga masa a keken rubutu.

Shekara talatin ya yi yana riƙe wa jakadu jaka yana rubuta musu jawabi, da yamma kuma ya koyar a jami'a. Saura wata goma sha huɗu ya yi ritaya aka zaɓe shi jakada. Ƙa'ida ita ce a aika wa ƙasar da za shi sunansa, sai ta ce ta yarda sannan ya tafi. In ba ta son mutum ba ta cewa a'a, shiru take yi. Tambaya kuwa zubar da mutuncin ƙasa ne. Wannan shi ne babi na bakwai a littafinsa.

Matarsa na fama da ciwon ƙoda, a can ƙasar kuma akwai asibitin da ke yin dashe. Ta ɗaure kaya akwati tara, aka jera a falo har ba wurin miƙe ƙafa.

Wata uku, shiru.

"Baban yara, ka leƙa ofishin babban sakatare mana," in ji ta. "Hawa ɗaya ne fa tsakaninku."

"Ba a tambaya. Shirun wata uku nazari ne."

"Na wata shida fa?"

"Jan aji."

"To, Allah ya ba su lafiya," ta ce, tana duban ƙafafunta da suka kumbura.

A ofis masinjoji da direbobi na kiransa Jakada, shi kuma yana ɗan ɗaga musu hannu yadda ya ga ana yi. Talata da Asabar yakan kai ta wankin ƙoda, ya zauna a bencin baranda yana rubuta maƙala kan abin da wannan shirun ke nufi ga dangantakar ƙasashen biyu. Ya gano dalilai biyar.

Babbar 'yarsa ta same shi a bencin. "Baba, in kunya kake ji, ni bari in je in tambaya."

"A wane matsayi?"

"A matsayin 'yar mai ciwo."

"Babu wannan matsayin a ƙa'ida."

A wata na goma sha ɗaya matar ta rasu. Sai da aka kwance akwati huɗu kafin a samu kofunan da za a ba masu gaisuwa ruwa.

Ranar ritaya ya je mayar da makullin ofis. Akawun rajista ta jawo fayil ɗinsa don ya sa hannu, ta buɗe, ta ɗan tsaya.

"Af! Ranka ya daɗe, ashe ba a gaya maka ba?"

Takardar neman amincewar tana ciki da hatiminta, ko ninkewa ba a yi ba, balle aikawa. An maƙala mata 'yar guntuwar takarda da jan biro: a jira ya kawo hoton fasfo guda biyu.