Mai Tausa da Gwiwar Hagu

Ɗakin tausa yana ƙarƙashin matakalar 'yan kallo ne, a ɓangaren da rana ba ta leƙawa sai da yamma. Gado ɗaya ne a ciki, katifarsa ta tsage a wuri biyu an liƙe ta da salatif. Sai firij na ƙanƙara, da kanta mai hawa uku: bandeji a sama, man zafi a tsakiya, tawul a ƙasa. Taga ɗaya ce, dab da rufi, daidai da doron ƙasa ta waje, saboda haka na ciki ba ya ganin fuskar masu wucewa, ƙafafunsu kawai yake gani daga gwiwa zuwa ƙasa. A nan mai tausar ƙungiyar ƙwallon garin ya yi shekara ashirin da uku, har ya kai ga sanin mutane da tafiyarsu. Ya san koci da dukan diddige. Ya san Sakatare yana jan takalmin dama duk ranar da ya ɗauko labari mara daɗi.

Shi ma ɗan wasa ne a da, mai tsaron baya. Yana da shekara ashirin da huɗu gwiwarsa ta yi ƙara a wani fili mai santsi, aka ɗaure masa ita, ya ƙara buga wasa uku a kanta, daga nan bai sake gudu ba har yau. Tsohon mai tausa na lokacin ne ya ji tausayinsa ya ja shi jiki, ya koya masa aikin, ya bar masa ƙa'ida biyu. Ta farko, ka ɗumama hannunka kafin ka taɓa mutum. Ta biyu, mugun labari na likita ne, kai naka ƙarfafa gwiwa, duk wanda ya tambaye ka ka ce masa da sauƙi. Ya riƙe su duka biyun kamar gado. Har 'yan wasa suka mayar da abin ba'a, suna cewa in mai tausa ya ce maka da sauƙi, to ka duba ko ƙafar tana nan a jikinka. An taɓa kawo masa mai tsaron gida yatsansa na kallon gabas alhali hannun na kallon arewa, ya duba, ya ce da sauƙi, kowa a ɗakin ya fashe da dariya har da mai yatsan.

Allah bai ba shi haihuwa ba. Ɗan da ya raina na ƙanwarsa ne, wadda mijinta ya rasu yaron na da shekara tara. Shi ya ɗauko masa takalmin ƙwallo na farko daga cikin waɗanda ƙungiya ta zubar, ya cusa bandeji a bakinsu don su zauna masa. Ƙanwar ta yi shekaru tana mita, wai Yaya ya lalata ƙafarsa bai ishe shi ba, zai lalata mata ɗa. Mitar ta mutu ne ranar da ɗan ya kama mata shagon ɗinki ya sa keke biyu a ciki. A lokacin ya zama mai lamba bakwai na ƙungiyar, 'yan kallo suna kiransa Zillo saboda yadda yake zille wa masu tsaron baya. Kuma tun da ya zo yana kiran mai tausa Kawu, sunan ya bi kowa, har koci da ya girme shi.

A wata na uku na kakar wasan da ta wuce, Zillo ya juya da ƙwallo, ƙafar hagu ta tsaya, jikin ya tafi. Ya faɗi, ya tashi, ya ƙarasa wasan, har ya ci ɗaya. Bayan an tashi ya hau gadon tausa yana raha. Kawu ya murza tafukansa, ya lanƙwasa ƙafar, ya kama ƙwaurin ya ja shi gaba a hankali. Sai ya ji ya biyo shi, kamar aljihun tebur da ya saki. Ya san wannan biyowar, don a jikinsa ya fara saninta. Zillo ya ɗago kai ya tambaye shi yaya, bakin Kawu ya riga tunaninsa, ya ce da sauƙi.

Ya yi niyyar faɗa masa washegari. Washegari akwai atisaye, jibi akwai tafiya, ga ƙungiya tana neman tsira daga faɗuwa rukunin ƙasa. Ya ce a ransa bari kaka ta ƙare. Maimakon magana sai ya sa hannu: kullum minti arba'in kafin a fita yana naɗe gwiwar da wani ɗauri nasa na kansa, zagaye shida da gicciye biyu, bayan an dawo ƙanƙara da tausar cinya har tsokar ta ɗauki aikin da jijiya ta ajiye. Aikin ya yi kyau fiye da yadda ya kamata. Zillo ya ci ƙwallo goma sha ɗaya a kan wannan ƙafar, likitan ƙungiya da ke zuwa ranar wasa kawai bai taɓa samun dalilin taɓa ta ba. Ƙwallayen nan su suka jawo takarda, su kuma suka jawo dillali.

Takardar ta ƙungiya ce: ƙarin shekara biyu a kwantiraginsa, da ɗan ƙari a albashi, da sharaɗin da ke cikin na kowa, cewa in ɗan wasa ya ji ciwo ƙungiya ce za ta yi jinyarsa. An ba shi zuwa Litinin ƙarfe goma sha biyun rana. Dillalin kuwa, Kawu ya fara ganinsa ne ta taga, farin takalmi da bai taɓa taka ciyawa ba. Shi ya zo da maganar wata babbar ƙungiya a wata ƙasa, wadda ba ta son biyan kuɗin sayen ɗan wasa, amma in Zillo ya ƙi sa hannu ya zama ba na kowa ba, za ta karɓe shi. Gwajin lafiya kawai zai yi, in ji dillali, abin da ba ya wuce kwana biyu.

Kawu bai taɓa fita ƙasar waje ba, amma ya san abin da ake nufi da gwajin lafiya a irin waɗancan wurare. Ba mutum ne zai taɓa ka ya tambaye ka ba. Na'ura ce za ta ɗauki hoton cikin gwiwa, ita kuwa ba ta san kara ba.

Ranar Alhamis ya jira ɗakin ya watse, ya tura ƙofa. Zillo na kwance yana danna waya. Kawu ya faɗa masa komai, a tsare, tun daga ranar da ya faɗi: jijiyar ta tsinke ko ta kusa, ɗauri ne ke riƙe da ita, in ya sa hannu a nan ko ta ƙarasa gobe yana da shekara biyu da masu yi masa aiki, in ya tafi hoto ɗaya zai dawo da shi. Zillo ya ajiye wayar a ƙirjinsa.

"Kawu, wata biyar ina hawa gadon nan. Kullum me kake ce min?"

Ya tashi zaune.

"Da sauƙi kake ce min. Sai yau da takarda ta zo gwiwar ta lalace? Wa ya aiko ka, Sakatare ko Ciyaman?"

Kawu ya rantse masa ba wanda ya aiko shi. Ya ce ai kowa ya san da sauƙinsa ba magana ba ce, ko mai tsaron gida ya sani. Zillo ya ce wannan tsakaninsa da 'ya'yan wasu ne, shi bai taɓa zaton da shi ma ake yi ba. In gaskiya ya faɗa masa a da, to yau ƙarya yake yi, in kuma yau ce gaskiya, to wata biyar yana tura ɗan ƙanwarsa fili da karyayyar ƙafa, ya zaɓi wadda yake so. Zillo ya sauko daga gadon, ya tsaya a kan ƙafar hagu ita kaɗai, ya yi tsalle uku, ya ce ga ta nan. Ɗaurin Kawu na safe yana jikinta.

Kawu ya roƙe shi su je a ɗauki hoton a ɓoye kafin Litinin. Zillo ya yi dariya, ya ce asibitin da ke da na'urar rabin ma'aikatansa suna kan matakalar nan duk ranar wasa, kafin ya sa wandonsa labari ya kai ofis. Wannan kam gaskiya ne, Kawu ma ya sani. Haka nan ya san in ya kira likitan ƙungiya ya shaide shi, takardar za ta koma aljihu kafin yamma. Mutanen da za su iya gaskata shi su ne waɗanda bai kamata su ji ba.

Ranar Asabar ya tafi shagon ƙanwarsa. Ya same ta da tsinin allura a baki tana gyara wuyan wata riga, ta tura masa kujera da ƙafa. Ashe ɗan ya riga shi zuwa. Ta saurare shi har ya gama, keken bai tsaya ba. Sannan ta ce shekarar yaron ashirin da bakwai, irin wannan ƙofa sau ɗaya take buɗewa, shi da kansa ya sha faɗa. Ta ce ta san abin da ya same shi yana matashi ya bar masa tsoro, ba ta ga laifinsa ba, amma ba kowace ƙafa ce tasa ba. Ya ce mata gara ƙwai a baka da kaza a akurki. Ta ce wanda ya saba da ɗakin ƙarƙashin ƙasa dole ya ga sama da nisa. Da ta ga fuskarsa sai ta tsayar da keken, ta sassauta murya.

"Yaya, don Allah kada ka karya masa gwiwa."

Ya buɗe baki zai ce ai a karye take, sai ya ga ba za ta ji shi yadda yake nufi ba. Ya tambaye ta kasuwa, ta ce da godiya, ya tashi.

Litinin da safe ya ga takalmin Sakatare ya nufo matakala. Mutumin kirki ne, mai fayil a hammata kullum, shekarunsu goma sha tara tare. Ya zauna a bakin gadon ya ce Kawu ya yi wa yaron nan magana mana, Ciyaman ba zai ƙara ko awa ɗaya ba, akwai wani ɗan wasan gefe da aka riga aka yi wa magana yana jira. Kawu ya ce ya yi iya yinsa. Sakatare ya miƙe, har ya kai ƙofa ya juyo, ya ce af, ya lura kullum ana ɗaure masa hagu, lafiya dai ko? Kawu na ninke tawul, bai ɗago ba. Ya ce da sauƙi.

Ƙarfe goma sha biyu saura kwata ƙafafu huɗu suka wuce ta taga zuwa ofis, farin takalmi a gaba. Babu atisaye ranar, don haka babu ɗauri, kuma Kawu ya ga yadda ta hagun take sauka a karkace, tana neman gefen tafin. Duk garin shi kaɗai zai iya ganin haka. Minti bakwai suka yi a ciki. Da suka fito ba su biyo ta matakala ba. Can anjima Sakatare ya wuce yana jan takalmin dama.

Zillo bai sa hannu ba, sati bakwai ya yi a ƙasar da dillali ya kai shi. A rana ta biyu aka ɗauki hoton aka ga ciwon, bai taɓa ƙwallonsu ba ko sau ɗaya. Sauran kwanakin ya yi su ne a masauki yana jiran dillali ya samo wata ƙungiyar, har wayar dillalin ta daina shiga. Kafin ya dawo an ba wani lamba bakwai, 'yan kallo har sun raɗa wa sabon suna.

Kawu ya hau ofis, abin da bai fi sau biyar ya yi ba a duk shekarunsa. Ya tambaya ko takardar nan tana da sauran rai, ko da ta shekara ɗaya, ko da rabin albashi. Sakatare ya buɗe fayil ya nuna masa ita, an ja mata layi an buga hatimi da kwanan wata. Ya ce labarin gwiwar ya riga mai ita isowa, ba ƙungiyar da za ta ɗauke shi sai an yi aiki, aikin kuwa da jinyarsa sai a yi shekara. Ya rufe fayil ɗin, ya cire tabarau, ya ce akwai tambayar da Ciyaman ya ce a yi wa mai tausa, amma shi ya gaya masa ba ya jin akwai amfanin yin ta. Sannan ya tuna masa, cikin jin nauyi, cewa ɗakin tausa na 'yan wasan da ke cikin rajista ne kawai.

Ranar Lahadi da yamma Kawu ya sayi kwalbar man zafi a kemis, ya tafi gidan ƙanwarsa. Ta buɗe masa ƙofa, ta gaishe shi ido a ƙasa, ta koma kicin. Zillo na zaune a falo, ƙafar a miƙe kan ƙaramin tebur, akwatin tafiyarsa a jingine da bango ba a buɗe ba, takardar jirgi na rataye a hannun akwatin. Talabijin na nuna wani wasa, an kashe sautin. Ya ɗan yunƙura zai tashi, Kawu ya yi masa alama ya zauna.

Ya ja kujera kusa, ya naɗe hannun riga, ya zuba man a tafi ya yi ta murzawa har ya ji ɗumi, ya ma wuce yadda ya saba. Duk hanya yana shirya abin da zai ce, yanzu ba ko ɗaya a kansa. Ya ɗora hannu a kan gwiwar, ta kumbura, da zafi kamar an ajiye ta a rana.

"Yaya take?" in ji Kawu.

Zillo bai ɗauke ido daga talabijin ba.

"Da sauƙi, Kawu."