Tafi Nawa Iya Ta Ce?

Har yau in na ga tukunya ta tsage, haushin kaina nake ji. Ina aji biyu a elemantaren garinmu, zamanin En'e, Malam ya ce kowa ya gina ɗan kasko a darasin aikin hannu. Baturen makarantu zai zo daga Zariya, kuma wanda nasa ya yi kyau za a ɗora a tebur. Na ci alwashin nawa sai ya hau teburin nan, don kakata Iya maginiya ce, tun daga Gazara ake zuwa neman randarta.

Malam ya ce a littafi an ce a tace yumɓu tas, kada a bar komai ciki. Na tace, na gina, na shanya, ya tsage. Sau uku ana haka.

Bayan magariba Iya na bakin murhu, mu jikoki mun kewaye ta muna shan rake, na kai kukana.

"Iya, don Allah ki gina mini mana."

"Ashe angon nawa rago ne? Zauna, ga wata nan tafe gare ku."

Wai wani yumɓu ne mai ji da kansa, sabon haƙowa daga fadama. Maginiya ta daka tsingaron tsohuwar tukunya za ta zuba masa, ya ce shi ba ya haɗa jiki da fasasshe. Iya ta maƙale murya ta kwaikwayi tsingaro: "Yaro, ni na shiga wuta na fito. Kai fa?" Yumɓu ya kafe. Rana na dukansa ya dare biyu. Ƙanensa kuwa ya yarda aka zuba masa tafi kaza na garin tsingaron, ya zama randa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni kasko nake nema, ita tana ba ni tatsuniya. Na yar da raken, na tashi ina ƙunƙuni tana dariya.

Ranar zuwan Bature, kaskona na huɗun ma ya tsage, Malam ya tura shi bayan allo. Baturen ya dubi tebur sama-sama, sai ya tsaya a kan randar da muke shan ruwa a lungun aji. Ya ƙwanƙwasa, ya saurari ƙararta, ya tambayi wanda ya gina. Malam ya ce wata tsohuwa ce. Ina tsaye a wurin, na kasa cewa kakata ce.

Daga baya ni ma na zama malami, na yi shekaru ina koyar da aikin hannu, Iya kuwa ta riga ta rasu. Nakan daka wa yara tsingaro in zuba a yumɓu da ka, wani kaskon ya tsaya, wani ya tsage. Na tabbata Iya ta faɗi awon a tatsuniyar nan, don na ga ta ɗaga yatsu a hasken wuta. Biyu ne ko uku, ban ƙirga ba, ina can ina fushi.