Inda Bel Ya Daina Hawa

"Yau kwana nawa ke nan sikutar nan tana kwance da ciki a buɗe?"

"Sha ɗaya. Ina ƙirgawa, ai ni take tare wa ƙofa."

"Shi da ba ya kwana da aikin mutum?"

"Wai bel ne bai iso ba."

"Wane bel? Wanda na gani rataye a bayan ƙofarsa, ko ledarsa ba a cire ba?"

"To je ka tambaye shi. Ni ɗinki na iya."

Wanda ake yi da shi yana jin su sarai, don bangon da ya raba shagonsa da na tela da na mai walda langa-langa ne. Bai ɗago ba. Yana zaune a kan guntun benci, faifan ƙarfe a cinyarsa, yana ta goge abin da ya riga ya goge tun makon jiya.

Ɗan Kaɗan ake ce masa. Shekara ashirin da huɗu ke nan yana gyara a wannan ɗan shagon da babur uku ba sa shiga tare. Bai taɓa cewa shi gwanin inji ba ne. In wuta ce matsalarka zai nuna maka wani shagon da leɓe. Nasa fagen shi ne gefen hagu na sikuta, bayan murfin nan inda babu giya sai faifai biyu da bel a tsakaninsu. A cikin faifan gaba akwai 'yan rola shida, kowace kamar gaɓar babban yatsa. In ka murɗa totur, juyi ya watsa su waje, su matse faifan, bel ya hau sama, babur ya ƙara sauri. In ka saki su koma gida. Yakan ce wanda ya gane wannan ya gama karatu, saura tsafta da haƙuri.

Kafin ya kwance murfi sai ya zana siffarsa a jikin kwali, duk notin da ya cire ya soka shi a gurbinsa, domin dogo da gajere ba sa aron ramin juna. Ya wanke baƙar ƙurar bel da fetur da tsohon buroshin haƙori, ya shanya komai a kan tsumma. Rola a bushe yake mayar da su. Giris kuwa sai a cikin 'yan ramukan faifan baya, kuma da ƙaramin yatsa yake lakato shi. Masu babur sukan tsaya a kansa suna cewa ya ƙara mana, ai ba na gado ba ne. Amsarsa ɗaya ce, ita ta zame masa suna.

Ba a banza ya koyi wannan ƙwauron ba. A makon da ya buɗe shago, kwana huɗu ko kare bai leƙo ba. A na biyar sai ga yayarsa, ungozoma a asibiti, wadda ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu, ta turo sabuwar sikutarta fil. Babu abin da ya same ta. Cewa ta yi tana jin wata 'yar ƙara, don dai maƙwabta su ga Auta da aiki a gabansa. Shi kuma don ya burge ta, ya cika cikin da giris har kusan rabin gwangwani. Washegari aka kira ta karɓar haihuwa, tana fara hawan tudu giris ya yi zafi ya fantsame bel. Inji na ta kuka, taya ta ƙi juyawa. Da ƙafa ta ƙarasa, a cikin farin kayan aiki, ta tarar jaririya ta riga ta isowa tana ta tsala ihu.

Ya zaci ta bar shi ke nan. Da yamma sai ga ta ta turo sikutar, ta kife bokiti ta zauna, ta ce ya buɗe a gabanta su ga ɓarnar tare. Yana wankewa tana ba shi labarin yadda ake auna wa jariri magani, har ya gama ba ta ɗaga murya ba. Tun daga ranar duk bayan wata huɗu take zuwa, kuma bokitin nan ba mai zama a kansa in ba ita ba.

A nan ta koyi karanta faifai kamar shi. Yakan nuna mata inda bel ya goge ƙarfen ya yi sheƙi, ya ce wannan shi ne shaidar da ba ta ƙarya. Faifan tela sheƙinsa rabi ne, tsoro ya hana shi murɗawa. Na Yaya kuwa har leɓen sama yake ƙyalli. Ya yi mata faɗa ya gaji. Takan ce naƙuda ba ta san jiran danja ba, shi da bai taɓa haihuwa ba ya yi mata shiru. Unguwar kaf an san ƙarar sikutarta, in ta wuce a guje mata sukan ce wata ta kusa. Ko da ta yi ritaya ba ta ajiye ba, kullum tana hanyar duba jikokin waɗanda ta karɓa.

Wannan karon ta daɗe ba ta kawo ba. Da ya buɗe sikutarta, kwana sha ɗaya da suka wuce, sai ya daɗe yana kallo. Sheƙin ya tsaya can ƙasa. Daga tsakiyar faifan zuwa sama ƙura ce ta kwanta, bel ya yi watanni bai taka wurin ba. Rola duk sun lanƙwashe a gefe guda. Ƙwaryar kuloci ta yi shuɗi don zafi, irin na wanda ke tafiya da totur a hannu ɗaya, birki a matse a ɗayan. Ga sabon karce a gefen dama, ga madubi an ɗaure da zare. Ya miƙa mata rola ɗaya kamar yadda ya saba. Hannunta ya wuce ta gefe, ya kamo iska, sannan ya laluba ya samu.

Idonta ne ke tafiya, kuma ba ta gaya wa kowa ba. In ya haɗa babur ɗin nan, titi zai mayar da ita, cikin manyan motoci. In ya ce ta ajiye, da wane baki? Matar da ta yi masa wanka, ta kai shi makaranta, ta nema masa aure. Sai mutumin da bai taɓa yi wa mai babur ƙarya ba ya ji bakinsa yana cewa bel ya tsufa, kuma irinsa sai an aiko.

Ta aiko sau uku, yana cewa gobe. Matarsa ta ce ramar da yake yi ta isa, ya je ya faɗa mata gaskiya, yaya ce ba damisa ba. Ya ce ita ba ta san Yaya ba.

Hirar tela da mai walda ba ta gama mutuwa ba sai ga Yaya a ƙasa, tana tafe tana bin gefen bango. Tela ya gaishe ta da Mama Ungozoma, ta amsa ta tambayi ɗansa na biyu, wanda ta ce da ƙafa ya fito don taurin kai irin na ubansa. Ta shigo, ta laluba bokitinta ta zauna, ta shaƙi iska.

"Auta, sabon bel nake ji."

"Na wani ne, Yaya."

"Ido ne ya tafi, ba hanci ba. Ba ni faifan."

Ya ɗora mata a hannu. Ta bi shi da yatsa daga tsakiya, inda yake sumul, har zuwa inda ya fara kaushi, ta tsaya a nan. Mai walda ya kashe injinsa, ko don me.

"A nan na tsaya ke nan," in ji ta.

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Kamar an shafa wa duniya giris ɗin nan naka. Hanyar da ka nake binta, ba da ido ba. Na ce in na kawo maka, in ka gani ka faɗa, na huta da faɗa da bakina. Sai ka zauna kana yi min ƙarya, ƙaryar ma ba ka iya ba."

Ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce ba zai iya ba ta makullin ba, ko da za ta yi fushi da shi har ƙarshen rayuwa. Ya ce ya ji ana cire yanar ido, mutum ya koma yana zura zare a allura. Ta ce ita ce za a koya wa aikin asibiti? Tsoro ne kawai, mai riƙe hannun wasu ba ta saba a riƙe nata ba.

Ta miƙa masa faifan, ta ce ya haɗa, tana nan zaune. Ya jera rola sababbi, ya lakato giris da ƙaramin yatsa, tana tambaya ko kaɗan ne, ya ce kaɗan ne. Ya sauko da bel daga bayan ƙofa, ya duba kibiyarsa ta kalli gaba, ya zaro notuna ɗaya bayan ɗaya daga kwalin da ya yi laushi don tsufa. Bugu ɗaya sikutar ta tashi. Yaya ta karkata kai tana saurare, kamar yadda take sauraron ƙirjin jariri. Sannan ta ciro hular kwanonta daga jaka, ta ɗaure igiyar a haɓa.

"Gobe ka kai ni wurin likitan idon, makullin kuma ya zauna a wurinka. Amma yanzu rufe shagon nan ka goya ni, mu bi tsohuwar hanya ta kan tudu. Kuma don Allah, Auta, ka murɗa mata, bel ɗin nan ya hau sama ko sau ɗaya ne."