Saude Mai Turara Shinkafa da Masu Binciken Lafiya

Saude ba matar da za a kulle a ɗaki kamar akuya ba ce, amma haka ɗanta Badamasi ya yi mata, kuma wai shi a ganinsa gata ya yi mata.

A wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure ta ƙare rayuwarta. Daga rugar Fulani aka kawo ta aure, tun kafin a haƙa kanal ɗin da ya sa ake noma rani da damina. Da ruwa ya zo, shinkafa ta samu, tana cikin matan farko da suka kafa duro a tsakar gida suna turara shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba. Ta jiƙa, ta turara, ta shanya, sannan a kai inji. Har daga Kano 'yan kasuwa ke sallama a ƙofar gida, don shinkafarta ba ta karyewa. A cikin hayaƙin nan ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. A cikinsa ta saya wa Badamasi gonar da yau yake taƙama da ita, yana noman tumatir yana tafiya yana buɗa kafaɗa kamar daga sama ya faɗo.

Autarta Zuliha ce ta fara lura. Inna za ta hura wuta a ƙarƙashin duron da ba komai a ciki. Za ta yi sallar azahar ta sallame, ta sake tayarwa. Wata rana aka tsinto ta a bakin kanal, ƙafa ɗaya cikin ruwa, tana neman shanun ubanta da suka ƙare tun Zuliha ba ta zo duniya ba. Badamasi ya ce gigin tsufa ne, kowa da irin nasa, ya sayo kwaɗo ya datse ƙofa.

Zuliha tana aure a unguwar gaba, kullum sai ta zo ta yi mata wanka ta wanke shimfiɗa. Warin ɗakin nan kuwa, wallahi ko kare ba zai kwana a ciki ba. Ba wanda take jin ƙyama kamar lafiyayyun gidan, masu wucewa ta bakin ƙofar suna toshe hanci. Ta roƙi yayan nata a kai Inna asibiti a Kano, ta yi kuka, ta turo dattawa. Amsarsa ɗaya ce: ba za a nuna shi a kasuwar Kura a ce ga wanda uwarsa ta haukace ba.

Ana nan sai mai unguwa ya yi shela cewa masu binciken lafiya na ƙasa za su shiga gidajen da aka zaɓa. Tsofaffi suke nema, ana tara bayani a kan cutar mantuwa don likitoci su san yawanta. Wanda aka ga alamar a jikinsa, za a tura shi asibiti a duba. Gidan Badamasi na ciki. Zuliha ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka. Ga bakin da Yaya ba zai iya rufewa ba, tunda shi dai duk abin da ya zo da hular gwamnati rusuna masa yake yi.

Ran da za su zo, abin da aka yi a gidan nan sai ka tofar da yawu. Aka fito da tsohuwa, aka sa mata sabuwar atamfa, aka fesa mata turare, aka shimfiɗa darduma a gindin darbejiya. Ɗakin da ba a taɓa sharewa ba in ba Zuliha ta zo ba, ranar har da turaren wuta. Badamasi ya zauna kusa da uwarsa yana mata fifita. Munafunci dai iya munafunci!

Wata matashiya ce ta shigo, Ilham sunanta, da 'yar kwamfuta a hannu da gumi a goshi, don gidaje da yawa na jiran ta. Ta gaishe da Saude cikin ladabi, ta tambayi jiki. Saude ta ce lafiya lau, kamar yadda kowane Bahaushe zai ce ko yana bakin kabari. Da aka tambayi ko tana ɓata hanya ko tana manta mutane, maigida ne ya amsa, wai ai Inna ta fi shi ƙwaƙwalwa. Zuliha ta buɗe baki, ya watsa mata harara ya ce manya na magana. Aka tambayi tsohuwa yau wace rana ce, yana fifita yana raɗa mata, ita kuma tana maimaitawa kamar 'yar makaranta.

Sai Ilham ta ce, "Iya, yaya sunan ɗanki na fari?"

Ko a cikin Hausawan ƙauye uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle Bafulatana irin Saude. Tun da ta haifi Badamasi bakinta bai taɓa furta sunan ba. "Wancan" take cewa, ko "mutumin nan". Akwai wani direba mai ɗaukar mata buhuna da ya ci sunan, shi ma sai dai ta ce mai mota. Matan gida har sun fara murmushi, suna jiran ta sunkuyar da kai.

Saude ta ɗaga kai, ta ce da ƙarfi, ba ko gezau, "Badamasi."

Zuliha ta yi salati. Da a ce Inna ta tuɓe zane a gaban baƙi, da bai fi wannan ba. Ilham kuwa ta ce madalla, ta danna wajen da ke nuna ta tuna.

Zuliha ta bi ta har zaure, ta riƙe mata mayafi, ta ce wallahi wannan amsar ita ce ciwon. Ilham ta ce ta gane, kakarta ma ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Amma na'urar amsa biyu kawai take karɓa, ta tuna ko ba ta tuna ba, kuma tsohuwa ta tuna. Makinta ya haura, ba ta cikin waɗanda za a tura. Ta ba da haƙuri, ta shiga mota. Haka aka tafi da Saude cikin lissafin ƙasa a matsayin mai cikakken hankali, kuma da irin wannan za a zauna a ofis mai sanyi a ce cutar ba ta da yawa a karkara. Tir!

Kafin la'asar Badamasi ya zagaye majalisa yana ba da labari cewa gwamnati da kanta ta auna uwarsa ta ce garau take, masu son a kai ta asibitin mahaukata sai su ji kunya. Maganar Kano ta mutu daga ranar.

Ya dawo ya tarar Zuliha tana cire wa Inna sabuwar atamfar, don matarsa ta ce a mayar mata da abinta. Ya kama hannun tsohuwa zai shigar da ita ɗaki. A bakin ƙofa ta tsaya, ta dube shi da fara'a irin wadda ake yi wa ɗan maƙwabta.

"Badamasi, yaron kirki," in ji ta. "Ina uwarka? Na kwana biyu ban gan ta ba."

Zuliha ta zuba masa ido, tana jiran ko wannan za ta karya shi. Ya dubi matan gida da suka tsaya cirko-cirko suna saurare.

"Tana nan lafiya lau," ya ce, ya tura ta ciki ya ja ƙofa.